Dare uku ina fama da fayawol

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya iyali? Ka ji ni shiru kwana biyu, wallahi netwok ɗin da nake haɗawa a gida ne ya sha min kai, kuma kai na fara tunawa tunda kai ka koya min harkar nan.

Abin da nake so fa ba wani babba bane, kwamfutar tebur da laftof su ga juna, in buɗe folda ɗaya mu riƙa zuba fayil ni da yara, sai firinta kowa ya iya turawa. Rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, ta ba kowa adireshinsa, wannan 192.168.1.10 wancan 192.168.1.12, intanet na tafiya lafiya lau a duka biyun amma laftof ta ce sam bata ga kowa ba. Na yi ping, wato ƙwanƙwasa wa ɗaya kwamfutar in ji ko za ta amsa, shiru, na canza kebul, na kashe rauta na kunna ya fi sau goma har na fara zargin ta lalace ne.

Dare na uku na kashe fayawol, wato mai gadin da ke tace abin da ke shiga kwamfuta ta netwok, gaba ɗaya don gwaji, nan take folda ta bayyana. Gaskiya raina ya so in bar shi a kashe in huta, sai na tuna WannaCry, bairos ɗin nan na watan Mayu 2017, ta ƙofar netwok mai lamba 445 ya riƙa shiga kwamfutocin mutane har da na asibitocin Ingila, kuma ita ce dai ƙofar da raba fayil ke bi. Hankalina bai kwanta ba, hotunan yara da takardun aikina duk suna ciki, na mayar da shi.

Ashe ranar farko da na haɗa kwamfutar da netwok, Public (wurin jama'a) na zaɓa maimakon Private (cikin gida), shi kuwa fayawol idan ya ɗauka a wurin jama'a kake rufe raba fayil yake yi, ko ping ba zai amsa ba, aikinsa kenan. Na gyara wannan, har yanzu shiru, sai can na gano antibairos ɗina ma yana da nasa fayawol daban, masu gadi biyu a ƙofa ɗaya, ka lallashi ɗaya ɗayan ya hana. Na buɗe 445 ga na'urorin cikin gida kaɗai, komai ya tafi. Firinta kuma adireshinta ne ke canzawa duk lokacin da rauta ta sake rabo, na ɗaure mata guda ɗaya shikenan.

Saura abu ɗaya, ina so in riƙa kallon kyamarar ƙofar gida idan na fita, na buɗe wa kyamarar ƙofa a rauta don in iya kaiwa gare ta daga waje amma bata aiki, na duba adireshin rautar na waje da 100.64 ya fara, wato mu da yawa ne a bayan adireshi ɗaya na kamfanin intanet. Kai ya ka yi da naka, VPN ka sa, wato keɓaɓɓiyar hanyar shiga netwok ɗin gida daga nesa? Dan Allah ka rubuto min dalla-dalla, bana son in taɓa komai sai na ji daga gare ka.

Ka gaida mutan gida.

Naka har kullum