A daina auna waƙa da ma'aunin mai zane

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta sharhin da kuka buga a shafin adabi, inda marubucin ya ce waƙar da aka tsara a kan zane ko sassaƙa ɓata tawada ce, tunda ido ya riga ya gani. A ba ni fili in ce ban yarda ba.

Sukar ba yau ta fara ba. Tun 1766 Bajamushe Lessing ya yi hujja cewa zane da fili yake aiki, waƙa kuwa da lokaci, don haka kowa ya tsaya a gonarsa. Masu sharhi suka ɗauki maganar fiye da inda ya kai ta, suka koma gwada baiti da hoto suna neman inda mawaƙi ya rage ko ya ƙara.

To, su gwada mana Siniyyar Buhturi, wato waƙar Larabci mai ƙafiyar harafin sin ta mawaƙi Buhturi. Mutumin nan, wanda ya rasu a 897, ya shiga kangon fadar Kisra a Mada'in, ya tarar da zanen yaƙin Antakiya a bango, sarkin Farisa Anushirwan yana daidaita sahun mayaƙa. Ya ce shakka ta kama shi ko masu rai ne, har sai da ya kai hannu ya shafa su. Zanen nan yau babu shi. Da me za a gwada? Abin da ya rage mana shi ne hannun da ya miƙa, wanda ko mai zanen bai iya sa shi a bango ba.

Haka waƙar mawaƙin Turanci Auden ta 1938 a kan hoton Ikarus da ke Brussels: Ikarus, yaron tatsuniyar Girkawa da ya tashi sama da fukafukai, ya faɗa teku, manomi ko ɗaga kai bai yi ba. Daga baya masana suka yi shakkar cewa Bruegel, mai zanen da ake jingina wa hoton, ne ya zana shi da hannunsa. Waƙar ko gezau, domin maganarta a kan yadda mutane ke wuce bala'in wani ce.

Ba ina cewa kada a soki irin waɗannan waƙoƙi ba. Mawaƙi kuma mai sharhi Eliot ya ce baitocin ƙarshe na waƙar mawaƙin Ingila Keats ta 1819 a kan tulun Girkawa tabo ne a jikinta. Ko an yarda da shi ko ba a yarda ba, baiti ya kama ya nuna. Marubucinku kuwa ko baiti ɗaya bai kawo ba. Ya dawo shafin ya nuna mana wanne ne ya gurgunce, kuma a ina.

Naku,
Wani malamin adabi mai ritaya