Wasiƙa zuwa ga Abba kan sayen na'urar gem

Assalamu alaikum Abba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan zamanka a can Ogbomosho. Mu nan Kano lafiya lau, sai hazo da ƙurar hunturu da suka sa mu gaba. Ummanka ta ji sauƙin ƙafar, har ta fara zuwa Islamiyya da kanta.

Saƙon muryar da ka turo na minti bakwai ya iso, na saurare shi sau biyu a shago. Abin da na fahimta shi ne ka ɗan tara wani abu daga alawus ɗin bautar ƙasa, tunda an ɗaga shi daga naira 33,000 zuwa 77,000, da kuma abin da kake samu a koyarwar yamma, kana so ka sayi na'urar gem. Abokanka kuma sun raba maka hankali gida uku: wani ya ce PS4 (wato PlayStation ta huɗu) ta hannu, wani ya ce ka daure ka cika kuɗi ka ɗauki PS5, na ukun ya ce duk ka bari, sabuwa na nan tafe. Na zaɓi in rubuto maka ne maimakon in kira, don in na kira Ummanka za ta karɓe wayar, ra'ayinta kuma ka san shi: a sayi tunkiya a ɗaure a bayan gida.

Ni ba zan hana ka ba. Guminka ne, kuma na fi son in ji kana ɗaki kuna buga ƙwallo da abokanka da in ji kana yawon dare a garin da ba ka san kowa ba. Sharaɗina ba ya wuce wanda ka sani tun kana ƙarami: in an kira salla a ajiye, in da aiki da safe a kwanta. Sauran magana ta sana'ata ce. Shekara talatin ina buɗe cikin rediyo da talabijin, daga baya yara suka fara kawo mini waɗannan na'urori, don haka bari in gaya maka abin da idona ya gani.

Mu fara da mai cewa ka jira. Ba ƙarya ya yi ba, sabuwa za ta zo, ai kullum sabuwa na tafe. Kamfanin Sony ya fitar da PlayStation ta farko a 1994, ta biyu a 2000, ta uku a 2006, ta huɗu a 2013, ta biyar a Nuwamban 2020. Ka ga tsakanin kowace da mai bi mata shekara shida ne ko bakwai, kai ma ka iya yin lissafin. Amma ranar da aka ce ta fito a Amurka da Japan daban, ranar da za ta shigo hannun irinmu a kan farashin hankali daban. Ka tuna lokacin da PS5 ta fito ana tsakiyar korona? Kayan haɗa na'urori suka yi ƙaranci a duniya, 'yan kasuwa suka riƙa kwashewa suna sayarwa ninki. Turawan da ke da dala a aljihu ma sai da suka yi kusan shekara biyu suna layi. To ina ga kai?

Kuma jira yana da amfani ne in ana sa ran farashi zai sauka. Da haka abin yake. PS2 ta fito a kan dala 299, a 2009 ta dawo dala 99. Wannan zamanin ya wuce. PS5 mai faifai ta fito a kan dala 499, shekara biyar bayan haka maimakon ta sauka sai Sony ya ƙara mata dala 50 a Amurka, a watan Agustan 2025. Kamfanin Microsoft ma ya ƙara wa tasa na'urar, Xbox, kuɗi a shekarar. Tsohuwar na'ura tana ƙara tsada, abin da ban taɓa gani ba tun da na fara sana'a. Sannan ka ɗora namu ciwon a kai. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ajiye nairarsa a wancan lokacin yana jiran sabuwar fitowa, ya wayi gari kuɗin ba sa sayen tsohuwar ma. Wannan shi ake kira jiran gawon shanu.

Akwai wani dalilin da ya sa ba na son zubin farko na kowace irin na'ura, ko rediyo ce. Masu saye da wuri su ne ake gwaji a kansu. Xbox 360 ta fito a 2005, ba a daɗe ba ta riƙa mutuwa a hannun mutane, fitilu uku na gabanta su yi ja, shi ke nan. A 2007 sai da Microsoft ya ware sama da dala biliyan ɗaya don gyara wa mutane. Su can suna da garanti, a sa a akwati a mayar wa kamfani. Kai in taka ta mutu, wa za ka mayar wa? Wurina za ka kawo, ni kuma in ce maka kayan gyaranta ba su shigo ba tukuna.

To mu bar jira, mu koma abin da ke ƙasa. Abokanka suna yi maka maganar ƙarfin na'ura, ni kuma zan tambaye ka ɗakinka. Awa nawa kuke samun wuta a rana? PS5 in tana cikin wasa tana jan wajen wat 200, ban da talabijin da fanka. In kan ƙaramar sola ko batir za ka ɗora ta, ba za ta bar muku na cajin waya ba. In janareto ne, ka san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. PS4 ɗin nan siririya da ake kira Slim ba ta kai ta ci ba, ko kusa. Sannan talabijin ɗinka, ai ni na ba ka ita, mai inci 32 ɗin nan da na canza wa fitilun baya. Kyan hoton da ake yi wa PS5 kirari da shi, wanda suke kira 4K, ba za ka gan shi a kanta ba. Kamar ka sayi ingarman doki ne ka ɗaure shi a zaure. Ita kuwa PS5 Pro da ta fito a ƙarshen 2024 a kan dala 699, kuma ko wurin sa faifai ba ta zo da shi ba sai ka saya daban, kada ma ka bari a yi maka zancenta.

Maganar faifai ita ce na fi so ka riƙe. Yanzu kamfanonin suna tura mutane ga na'urorin da ba su da bakin faifai, kamar Xbox Series S da PS5 ɗin da suke kira Digital. Suna da sauƙin kuɗi a ranar saye, Series S ta fito a kan dala 299 kawai, kuma ba ta da cin wuta, wannan na yaba mata. Amma duk wasan da za ka buga sai ka sauke shi ta intanet. Wasan ƙwallo kaɗai gigabait gomomi ne, wasu na yaƙi sun haura 100, kuma ba a gama ba, bayan 'yan makonni a ce sai ka sabunta. Ka lissafa wannan da kuɗin data, wanda shi ma aka amince a ƙara masa kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Ga kuma wata wahalar: Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da ake buɗe asusun PlayStation da sunansu, shi ya sa yaran nan suke buɗewa da adireshin Amurka ko Ingila, su riƙa sayen katin dala ko fam don su zuba kuɗi. In ka yi kuskure ka sayi katin wata ƙasa ba ta asusunka ba, ba zai shiga ba, kuɗinka sun tafi. Faifai kuwa kayanka ne. Ka gama da shi ka ba abokinka aro, ka yi musaya, ko ka sayar ka cika ka sayi wani. Wasan da ka sauke ba ka da ikon sayar da shi ko ga ƙaninka.

Yanzu ka gaya wa kanka gaskiya, me za ka buga? Na san ka tun kana satar jiki zuwa gidan gem ɗin bayan layinmu da canjin aiken Ummanka. Ƙwallo ce, ba ka taɓa wuce ƙwallo ba. Wanda kuke kira FIFA, da ya koma EA Sports FC tun 2023, an ci gaba da fitar da shi a PS4 shekara da shekaru bayan zuwan PS5. Ɗayan kuma, PES, ya koma eFootball a 2021, kyauta ma ake sauke shi. In dai kai da abokinka ne za ku zauna kan katifa, kowa da fad ɗinsa, wato abin da ake riƙewa a buga wasan, ana gardama kan Barcelona da Madrid, PS4 ta ishe ku har ta yi yawa. Ba zan ɓoye maka aibinta ba. Ta tsufa, manyan sababbin wasanni da yawa sun daina zuwa kanta, watarana ƙwallon ma za a daina yi mata. Amma kafin ranar ka mori kuɗinka, ka gama bautar ƙasa, Allah ya ba ka aiki, ka san garin da za ka zauna da irin wutar da ake samu a can. In lokacin ka koma PS5, yawancin faifan PS4 ɗinka za su yi aiki a kanta, ba ka yi asara ba. Nintendo Switch kuwa, da ƙanwarta Switch 2 da ta fito a Yunin 2025, suna da batir, ɗauke wuta ba ya tsayar da su, sai dai abokanka ba ita suke bugawa ba, kuma samun wasanninta na hannu a nan sai an sha yawo.

Shawarata ke nan: PS4 Slim ta hannu mai tsafta, da fad biyu. In ranka ya kafe sai PS5, to ta yau da kullum mai bakin faifai, kuma da kuɗinka cif, ba da bashi ba, musamman bashin nan na manhajojin waya masu kiran dangin mutum suna ci masa mutunci. Iya kuɗinka iya shagalinka.

Sai yadda za ka saya. Kada ka yi cinikin biri a sama, wato ka ga hoto a waya ka tura kuɗi. Ka je da ƙafarka, ka tafi da wanda ya san kan abin. Watan jiya wani yaro ya kawo mini wadda ya saya, waje fes kamar daga kwali aka ciro ta, amma in ta yi minti ashirin sai fankarta ta hau ƙara kamar jirgi zai tashi, ta kashe kanta. Da na kwance ta, ƙura ta toshe ragar fitar da zafi ta yi kamar bargo, man da ake shafa wa ƙwaƙwalwarta don sanyaya ta ya bushe ya zama alli, cikin akwatin wutarta kuma kyankyasai ne matattu har bakwai na ƙirga, don suna son ɗumin wurin. Biyu daga cikin sukurorinta ma ba nata ba ne. An buɗe ta ba sau ɗaya ba, aka goge bayanta da man gashi aka sayar masa. Yaron nan yana tsaye yana kallo, idonsa ya kawo ruwa, kuɗin ɗinkin da ya tara ne tun ƙaramar salla.

Don haka ka juya bayanta ka duba 'yan takardun da aka liƙe kan sukurori, in an ɓare ko an sake mannawa, an shiga cikinta. Ka sa a kunna maka wasa mai nauyi, ka zauna awa guda cur kana saurarenta, kada ka ji kunyar mai shago. Ka sa faifai ka fitar sau uku. Ka ɗan motsa wayar da ke zuwa talabijin a bakinta, in hoto ya ɗauke to bakin ya kusa tafiya. Fad kuma ka ajiye shi ƙasa ka cire hannunka, in ɗan wasa ya ci gaba da tafiya shi kaɗai, sandar ta lalace. Ka sa a haɗa ta da intanet a gabanka ka ga ta shiga, don akwai waɗanda kamfani ya toshe. Za a yi maka tallar wadda aka fasa aka cika ta da wasanni ba adadi. Kayan mutane ne aka kwafa ba da izininsu ba, ni ban so maka, kuma ranar da ka yi kuskuren sabunta ta duk sun tafi.

Daga cikin kuɗin da suka rage, kafin faifai na biyu, ka sayi sitabilaiza mai kyau, irin mai ɗan jinkiri kafin ta saki wuta. Rabin na'urorin da ke jibge a bayan shagona ba tsufa ne ya kashe su ba, wuta ce ta dawo da ƙarfi suna jone. In an ɗauke, ka zare daga bango. Kada ka ajiye ta ƙasa kan kafet, kada ka cusa ta cikin durowa, ka bar mata tazarar hannu ta baya, in ka gama ta huce ka rufe ta da ƙyalle. Ku can damina da laima ne matsalarku, in ka dawo nan kuma ƙura.

Abin da ya saura bayan wannan ka bar shi inda yake. Wata huɗu suka rage maka, kuma ranar da aka ba ka takardar gamawa alawus ya tsaya. Kuɗin mota zuwa ganawar neman aiki a Abuja ko Kaduna daga nan za su fito. In kuma ka ga za ka iya, ka turo wa Ummanka ko rabin kuɗin tunkiyar ne, ni zan cika, in samu ta bar ni in sha shayina da safe.

In ka je wurin sayen, ka kira ni ta bidiyo ka kara wayar kusa da fankarta, daga ƙarar zan gane. Ka zo da ita in za ka dawo, in buɗe in share ta in canza mata mai. Ƙannenka suna gaishe ka, Sadiku ya ce a gaya maka tun yanzu fad na biyu nasa ne. Ka gaishe mini da limamin masallacinku da mai gidan da kuke haya.

Allah ya yi maka albarka, ya dawo mana da kai lafiya.

Mahaifinka.