Tazarar haihuwa: 'ya'yan gida ma suna cikin damuwa

Ya Edita,

Na karanta rahotonku kan Ranar Tazarar Haihuwa ta Duniya, 26 ga Satumba, sai dai bai taɓo 'ya'yan gida ba. A nan Garwa, 'yar shekara 15 tana kallon mahaifiyarta da goyo ga sabon ciki, ƙafafu a kumbure. Girki da rainon ƙanne sun dawo kanta, ga fargabar ranar haihuwa. Kunya ba za ta bari ta ce uffan ba, kuma gaskiya ba huruminta ba ne.

Shawarata, yarinya ta kai kukanta wajen gwaggo ko kaka, su tuntuɓi iyayen cikin sirri. Ma'aikatan awo kuma su riƙa gayyatar magidanta, domin yawanci shawarar tana hannunsu.

Wata malamar makaranta,
Garwa, Kamaru