Wasiƙa Zuwa ga Ɗana Kan Garmar da Zai Saya wa Tarakta

Ya ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, saƙonka ya iso ni nan Zariya, kuma na ji cewa cinikin taraktar nan Massey Ferguson 375 ya faɗa, saura garma. Ka ce an nuna maka iri biyu, wadda ake ja tana tafiya kan ƙafafunta kamar amalanke, da wadda tarakta ke goyawa a hannuwa uku na ƙarfe da ke bayanta, biyu a ƙasa ɗaya a sama, kuma mai sayarwa yana ta kwaɗaita maka ta farkon don faifanta sun fi yawa. Shawarata ita ce ka sayi ta goyo mai faifai uku.

Ka fara duba inda za ka yi aikin. Gonarmu ta hanyar Soba ba za ta riƙe tarakta ita kaɗai ba, dole ka riƙa yi wa mutane kaftu suna biyanka, kuma ka san gonakin mutanenmu: wannan eka biyu, waccan ɗaya da rabi, ga ɗorawa ko kaɗanya a tsakiya wadda mai gona ba zai yarda a taɓa ba. Garmar ja tana son fili mai faɗi a bakin gona kafin ta juya, komawa da baya kuma da ita sai ƙwararren direba, saboda haka kowace kusurwa sai ta bar wurin da za a bi da garmar hannu, mai gona kuwa ya rage maka kuɗi. Ta goyo, da direba ya ja sandar haidrolik sai ta tashi sama, ya juya a ɗan wuri, ya tura ta har cikin lungu, in ya gama ya ɗauke ta ya bi burtali zuwa gona ta gaba.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Wannan tsari na hannuwa uku Harry Ferguson ne ya ƙirƙiro shi, ya yi masa rajista a 1926, tsarin kuma ya bazu bayan da Ferguson ya haɗa kai da Ford suka fitar da tarakta 9N a 1939. Hikimarsa ita ce, idan garma ta nutse cikin ƙasa, nauyinta da jan da ƙasa ke yi mata suna komawa kan manyan tayoyin baya, sai su ƙara kama ƙasa. Hannun sama kuma yana jin taurin wuri, da an ci karo da marmara sai haidrolik ya ɗan ɗaga garmar da kansa, in an wuce ya mayar da ita. Garmar ja nauyinta a kan ƙafafunta yake ƙarewa. Na taɓa tsayawa a fadamar Galma ina kallon wata tarakta mai jan irin wannan garma, tayoyinta suna ta juyawa a wuri ɗaya suna watsa taɓo, baƙin hayaƙi na tashi, mai na ƙonewa, har sai da aka zare ƙusa aka raba su kafin ta fita.

Ban ce garmar ja ba ta da amfani ba. A gandu shimfiɗaɗɗe mai faɗin gaske, ga tarakta mai ƙarfi, tana cin fili da yawa a tafiya guda, zurfinta ba ya sauyawa ko da tarakta na hawa da gangara, kuma ƙusa ɗaya ce ke haɗa su. Sai dai taka taraktar mai ƙarfin doki 75 ce, faifai biyar sun fi ƙarfinta a jar ƙasarmu, ga ƙarin tayoyi da boris da za ka riƙa nema a Sabon Gari.

In ka je saye, kada ka biya sai an ɗaura ta a jikin taraktar a gabanka. Ƙusoshin hannuwan ƙasa aji-aji ne, aji na ɗaya kaurinsa milimita 22, na biyu 28, kuma wanda ya yi wa rami kaɗan kullum cikin girgiza yake har ya cinye ramin. A ɗaga garmar sama a kashe injin, ka tsaya ka zuba mata ido. Idan tana sauka a hankali da kanta, haidrolik yana yoyo, a gyara tun kafin ruwan Mayu ya sauka. Ka kama kowane faifai ka jijjiga, wanda ya yi lilo borisinsa ya tafi. Ka sa ƙarafan nauyi a gaban taraktar, domin goyo yana sauƙaƙa gabanta, sitiyari ya ƙi jin magana a kan hanya. Ka kuma gargaɗi direba da yaran aiki cewa kada wanda ya shiga ƙarƙashinta tana rataye, ko da ciyawa ce zai cire.

Idan ka shigo ranar Asabar, ka zo da bakanikenka mu je mu duba ta tare. Mahaifiyarka tana gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Wassalam,
Mahaifinka