Arhar tikitin jirgin sama, a jikin ma'aikata take fita

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni fili in yi magana kan aiki a kamfanonin jirgin sama masu arhar tikiti, don yanzu a nan Sakkwato yaro na gama digiri ko difloma sai ka ji ya cike fom ɗin kamfanin jirgi, iyaye na ta murna wai ɗansu ya haye. Ni na yi aikin kanta a filin jirgi, wurin duba tikiti da auna kaya, a wani kamfani da ba zan faɗi sunanshi ba, kuma wallahi akwai abubuwan da ya kamata yaranmu su sani kafin su sa hannu a takarda.

Mutane ba su tambayar ina arhar nan ta hito. Man jirgi dai ba ya arha, a 2022 ƙungiyar masu kamfanonin jiragen Najeriya har barazanar tsayar da aiki ta yi don lita ta tashi daga naira 190 zuwa 700. Hayar jirgi da dala ake biya, kayan gyara da dala, inshora haka, babban gyara ma sau da yawa sai an kai jirgin waje, kai kuma da naira kake saida tikiti. To duk waɗanga ba su raguwa, abin da ya saura a matse shi ne ma'aikaci. Tsarin daga waje anka kwaso shi, Ryanair, kamfanin jirgi mai arhar tikiti na ƙasar Ayilan, ta yi suna da minti 25 tsakanin saukar jirgi da sake tashinshi, don jirgin da ke tsaye a ƙasa asara ne wurinsu. Cikin wanga ɗan lokaci za a sauke fasinja, a tsince shara a gyara kujeru, kuma a irin waɗanga kamfanoni sau da yawa masu hidimar cikin jirgin ne ke yin sharar da kansu, sannan a loda wasu a tashi, a yi sawu huɗu ko fiye a yini guda, mutum tun kafin asuba yana tsaye har bayan isha'i, Salla ma sai dai ya haɗa in ya samu sarari.

Sai maganar albashi, wadda ita ta fi ci mini rai. Ga masu aiki cikin jirgi, albashin gindi ɗan kaɗan ne, sauran alawus ne da ake lissafawa da awannin da ka yi a sama. Ka ga ke nan in hazo ya rufe garin nan a Disamba ko Janairu anka soke tashi, ka yini a filin jirgi da yunifom amma aljihunka bai san ka fito aiki ba. Wasu ma ba ma'aikatan kamfanin ba ne kai tsaye, wani ɗan kwangila ne ya ɗauko su, ba fansho mai ƙwari ba asibiti, ran da anka ga dama a ce kwantiraginka ya ƙare. Matuƙa ma ba su tsira ba, yaro ya gama kwalejin tuƙin jirgi ta Zariya da kuɗin da iyayenshi ko gwamnatin jiha sunka zuba, sai a ce sai ya ƙara horo na musamman kan irin jirgin da kamfanin ke da shi, ko ya biya da aljihunshi ko a ɗaure shi da yarjejeniyar shekaru, in ya tafi kafin lokaci ya biya bashi. Kuma galibi Legas ko Abuja za a ajiye ka, kuɗin haya kaɗai ya cinye rabin abin da kake samu.

Mu 'yan kanta kuwa zagi ne abincinmu. Dattijo ya taso tun daga Illela ko Tambuwal da buhunshi na tsaraba, ɗanshi ya saya mishi tikiti mafi arha a intanet bai karanta cewa kaya kuɗinsu daban ba, kai za ka dubi sa'an mahaifinka ka ce Baba sai ka ƙara kuɗi. Ba kai ka yi dokar ba amma kai za a yi wa Allah ya isa. In jirgi ya yi latti manaja ya shige ofis ya kashe waya, a bar yarinya ƙarama gaban mutum ɗari masu fushi, har mari na ga an kai wa ma'aikaciya. Kuma mu Sakkwatawa ya kamata mu fi kowa haƙuri in anka ce yanayi bai da kyau, ba mu manta 29 ga Oktoba 2006 ba, ranar da jirgin da ya taso daga Abuja cikin hadari ya faɗi da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah ya jiƙansu. Matuƙin da ya gaji kuma yana tsoron a kore shi in ya ce ba zai tashi ba, wanga abin tsoro ne ga kowa da ke cikin jirgin.

Ga shi kamfanonin jirgi a ƙasar nan ba su da tsawon rai. Nigeria Airways ta gwamnati ce ma amma da anka rufe ta a 2003 ma'aikatanta sun shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu, wasu sun mutu ba su karɓa ba, to ina ga ƙaramin kamfani mai jirgi uku na haya.

Ba ina cewa kada a yi aikin ba, sana'a ce ta halal kuma muna son 'yan Arewa su yawaita a cikinta. Amma dan Allah iyaye ku karɓi takardar kwantiragin ku kai wa wanda ya san doka ya karanta, a ga nawa ne albashin gindi, wa zai biya horo, me zai faru in anka rufe kamfani. Hukumar NCAA mai kula da harkar jiragen sama a Najeriya kuma ta riƙa binciken awannin hutun ma'aikata a zahiri ba a takarda kaɗai ba, sannan a bar ma'aikata su shiga ƙungiyoyinsu irin NUATE ta ma'aikatan sufurin sama da NAAPE ta matuƙa da injiniyoyin jirgi ba tare da barazana ba, ita kanta Ryanair ɗin sai Disamba 2017 ta yarda da ƙungiyar matuƙa, bayan sun yi shirin yajin aiki.

Na gode Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Tsohon ma'aikacin filin jirgi,
Mabera, Sakkwato.