Kafin ka haƙa harsashi

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Ƙaninka ya kawo mini takardar kwangilar azuzuwan nan tare da jadawalin da ka zana. Allah ya sa albarka, ya sa a gama lafiya. Na kwana biyu ina juya jadawalin, kuma akwai maganar da ba na so in yi maka ta waya, don na san za ka ce “to Baba” ka manta.

Jadawalinka ya yi kyau a ido. Harsashi, jamin fulo (wato kankaren daɓe), bulo, linta, dekin, rufi, filasta, kowane da makonsa. Amma aiki kaɗai ka rubuta. Ban ga inda ka nuna mutum nawa za su kasance a wurin kowane mako ba, ban kuma ga ranar da kuɗi za su shigo ba. Ka ƙara layi biyu a ƙasan takardar: ɗaya na ma'aikata, ɗaya na aljihu.

Bari in fara da aljihu, don nan ne na taɓa faɗuwa. Lebura da yamma yake karɓar kuɗinsa, in ya yi haƙuri ƙarshen mako. Mai tifar yashi ba ya juyewa sai ya ji alat. Kai kuwa sai ka gama mataki, injiniya ya zo ya auna, a rubuta satifiket na shaidar aikin da ka yi, takarda ta bi tebur-tebur, sannan a biya ka. A abin da za a biya ma sai an cire haraji, an riƙe kashi 5 cikin ɗari da ba za ka gani ba sai wata shida bayan miƙa makulli, kamar yadda takardarka ta ce. Wannan tazarar tsakanin ranar da ka biya da ranar da aka biya ka ita ce take kayar da 'yan kwangila, har waɗanda aikinsu ke da riba a takarda. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kana firamare lokacin da na karɓi aikin wani ofishi. Da kuɗin fara aiki suka shigo, sai na ga kamar na yi arziki. Na sayi ƙofofi, tagogi, har da fenti, na jibge a sito. Da muka kai dekin, ga katako an kafa, ga rodi an ɗaure, babu kuɗin siminti da tsakuwa. Satifiket ɗina na biyu ya yi wata uku a ofis. Ruwan Agusta ya sauka a kan katakon nan har ya lanƙwashe, rodi ya yi tsatsa, ni kuma ina da fenti. Gonar da mahaifiyarka take yawan ambato, a wannan aikin ta tafi.

Saboda haka ka zauna da biro, mako-mako ka rubuta abin da zai fita da abin da zai shigo. Ranar shigowa kada ka sa wadda aka yi maka alkawari, ka ƙara mata wata guda ko biyu. Za ka ga kashe kuɗi yana farawa a hankali, ya yi tsalle wajen dekin da rufi, sannan ya lafa. Makon da ramin ya fi zurfi, ka san shi tun yau, ka kuma san wanda zai cike maka shi: ko dilan da zai ba ka rodi bashi, ko ka jinkirta wani aikin da ba ya tare hanya. Siminti kam kada ka ce za ka saye na aikin duka. Na san abin da kake tsoro, kowa ya ga yadda buhu ya haura naira 10,000 a farkon 2024. Amma simintin da ya wuce wata uku a ajiye, balle da damina, ƙarfinsa raguwa yake yi. In kana da rarar kuɗi, rodi za ka saya ka ɗaga shi daga ƙasa ka rufe.

Sai ma'aikata. Na lissafa daga jadawalinka, a mako na tara kana bukatar kusan mutum 30, a na sha ɗaya kuwa shida sun ishe ka. Ina za ka samo talatin ɗin, alhali lokacin shuka ne, rabin leburori sun koma ƙauye? Su kuma na kirkin da za ka sallama bayan mako biyu, kana zaton za su zauna jiranka? Wani zai ɗauke su.

Gini biyu ne a hannunka, kada ka tayar da su tare. Ka zuba dekin na farko. Kankare sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, kuma ni ban taɓa yarda a zare turakun ƙarƙashinsa kafin mako uku ba, ko kafinta zai yi kuka. A wannan jiran magina su koma gini na biyu su ɗora bulo. In an kwance katakon farko, shi za a kai can, ka ga ka sayi katako sau ɗaya. Katanga, sokawe da ɗakin mai gadi ba su hana komai tafiya, su ne za ka riƙa cusawa a makonnin da hannu ya yi sauƙi. Amma harsashi, ginshiƙi, dekin da rufi, in ɗaya ya makara kwana uku, ranar miƙa aiki ta matsa kwana uku. Nan za ka ajiye helumanka da maginan da ka fi yarda da su. Mutum goma sha biyu da suka saba da juna sun fi mini talatin 'yan haɗe-haɗe.

Ka duba kalanda kuma, ka cire kwanakin Sallah, ka rage tsammani a azumi. Ban ruwa ga sabon kankare aƙalla kwana bakwai ne, ka sa kuɗin tankar ruwa a lissafi, na ga babu shi.

In ka sake zanen, ka ba ƙaninka ya taho mini da shi kafin Juma'a, da manyan baƙaƙe, idanun nan sun fara gajiya. Mahaifiyarka tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan yara.

Ni ne,
Mahaifinka