Sanyi ya fara ƙwanƙwasa ƙofa a Kalgari

Aminina Malam Habu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da Hajiya. Na ji an fara yankan gero a wajenku, Allah ya sa albarka.

Ka tambayi labarin yanayinmu. To, masu hasashen yanayi na Kanada sun ce a kwanakin nan iska mai sanyi za ta gangaro mana daga arewa. Za a fara da ruwa da yayyafi, da dare kuma sanyi ya sauka ƙasa da sifili, ruwan ya koma dusar ƙanƙara, musamman ta wajen tsaunukan Roki da ke yamma da mu. Ga shi Satumba ma bai ƙare ba. Garin nan namu na Kalgari a kan tudu yake, sama da mita 1,000 daga matakin teku, shi ya sa ba a mamakin dusa da wuri.

Amma dusar farko ita ce mai ɓarna, domin jiƙaƙƙiya ce, mai nauyi, kuma tana samun bishiyoyi da ganyensu a jiki. Sai ta taru a kan ganyen har reshe ya gaza ɗauka, ya karye. Mutanen garin ba su manta da Satumbar 2014 ba, lokacin da ta lalata kusan rabin bishiyoyin birnin, rassa suka faɗo kan wayoyin lantarki, dubban gidaje suka rasa wuta. A 2 ga Oktoban 2018 kuma ta zuba sama da santimita 30 a yini ɗaya, sai da aka aro motocin share hanya daga birnin Edmanton. Jiya na ga maƙwabciyata, tsohuwa, tana tsinke tumatirinta tun yana ɗanye shar, ta ce gara ya nuna a cikin gida da sanyi ya ƙona shi a lambu.

Wallahi manoman jiharmu ta Albata ne suka fi tsaya mini a rai. Da yawansu alkama da sha'ir da kanola, wadda ake matsar man girki da ita, suna gona tukuna. In dusa ta kwantar da amfanin, injin girbi ba ya iya ɗaukarsa, ƙwayar ta sha ruwa, farashinta ya faɗi. A 2019 wasu sai da suka bar nasu ya kwana a ƙarƙashin ƙanƙara har hunturu ya wuce. Kai da ka san takaicin ruwan ƙarshen damina a kan waken da ya bushe, ba sai na yi maka dogon bayani ba.

Mu kam mun shiga shiri. Na kai mota a sa mata tayoyin sanyi, layi har titi. Na fito da shebur, don doka ce a share dusar da ke kan hanyar masu tafiya a ƙasa ta gaban gida cikin awa 24 bayan ta tsaya. Yara an ciro musu manyan riguna da safar hannu. Fatanmu iskar nan mai ɗumi da suke kira Shinuk ta biyo baya daga kan tsaunuka, ta narkar da ita, manoma su samu su ƙarasa girbi. Ka sa su a addu'a.

Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka kuma rubuto mini yadda dawa ta yi bana.

Naka amini,
Sani